Bindiga da giya ba su kwana zango ɗaya

Sanin kowa ne cewa Tsarnawa mararraba ce. A nan ne babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram take haɗuwa da wadda ta yi arewa zuwa Tawa da Agadas, kuma tsakanin garin da iyakar Nijeriya, ta Ƙonni da Illelar Sakkwato, ba wata tafiya ce mai nisa ba. Albasar Galmi da simintin Malbaza da dabbobin kasuwar Badagishiri duk ta wannan yanki suke ratsawa. Inda dukiya ke yawo kuwa, mutane na kwana a hanya: masu kora dabbobi a ƙasa kwana biyu ko uku, fatake, mafarauta da ke shiga daji da rani, da ma'aikatan da aiki ke kai su ƙauyukan da babu masauki sai gindin itace.

Shekarun baya, sanda da wuƙa da kwari da baka sun ishi matafiyi. Amma tun da gwamnatin Libiya ta faɗi a 2011 makamai suka bazu cikin Sahel, kuma ta'asar 'yan bindigar Zamfara da Sakkwato ta koro dubban mutane zuwa jihar Maraɗi a 2019, daga baya har ta taɓo kudancin jihar Tawa, tsoro ya shiga zukata. Ba abin mamaki ba ne idan ɗan kasuwar da ke ɗauke da kuɗin shanu ya fara tunanin sanya ƙaramar bindiga, libarba ko fistol, a ƙugunsa. Wannan jarida ba ta ƙarfafa wa kowa gwiwar yin haka, domin tsaron rayuka aikin hukuma ne. To amma akwai wata magana da kunya ta hana a yi ta a fili, ita ce abin da ke faruwa da bindigar nan idan dare ya yi, aka sauka zango, aka hura wuta, wani ya jawo kwalba daga cikin jaka.

Addinin mafi yawan jama'ar yankin ya haramta giya, malamai kuma ba su gaza ba wajen faɗi. Sai dai gaskiya ɗaya ce: ana sha. Tun da jihohin arewacin Nijeriya, ciki har da Sakkwato a 2000, suka kafa shari'ar da ta hana sayar da ita, garuruwan iyaka na wannan ɓangare suka zama wurin da masu nema ke tsallakowa. Ga kuma ƙwayar taramol, wadda masu doguwar tafiya ke haɗiya don kashe gajiya. Da yake mashayi a ɓoye yake sha, abokan tafiyarsa sukan yi kamar ba su gani ba, don kada su kunyata shi. Wannan kawaici abin yabo ne a wurare da yawa, amma a zangon da akwai bindiga mai harsashi, kawaici na iya zama sanadin gawa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki a jiki. Giya ba da ƙafa take farawa ba, da hankali take farawa. Tun kafin mutum ya soma tangaɗi ko harshensa ya yi nauyi, ta riga ta rage masa tsoro, ta rage masa haƙuri, ta ƙara masa yarda da kansa. Shi ya sa wanda ya ce “ɗaya kawai na sha, garau nake” ba shaida ba ne a kan kansa, tunda abin da zai auna da shi ɗin shi ne ya fara taɓuwa. Hanta kuma ba ta gaggawa: a awa guda ba ta ƙone abin da ya wuce giram 10 na sinadarin da ke sa maye, ga babbar kwalba ta santilita 65 tana ɗauke da kimanin giram 25. Wanda ya fara da ƙarfe tara na dare ya shanye kwalba huɗu, ko da aka yi kiran asuba da saura a jininsa. Barci ba ya saurin fitar da ita, haka shayi mai kauri da goro da wanka da ruwan sanyi. Masu cewa suna sha ne don sanyin hunturu su ma suna ruɗin kansu, domin giya tana buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Idan aka haɗa ta da taramol, barci ya yi nauyi, numfashi ya yi rauni, wani ma har farfaɗiya takan kama shi.

Sai a dubi ita bindigar. Doguwar bindigar mafarauci kowa na ganin inda bakinta ya dosa. Ƙarama kuwa gajera ce, da ɗan karkata hannu bakinta ya koma kan cinyar mai ita ko ƙirjin wanda ke kwance kusa. Fistol tana da wani tarko da ya ci mutane da yawa a duniya: ana iya zare gidan harsashi a ɗauka ta zama fanko, alhali harsashi ɗaya ya riga ya hau, yana jiran a taɓa kunama. Mai cikakken hankali da rana yakan manta da wannan, balle mai maye cikin duhu. A zango, motsin da aka ji bayan itace yawanci abokin tafiya ne da ya tashi kewayawa, ko yaron makiyayi da ke neman akuyarsa. Gardamar lissafin kuɗi da da safe za ta ƙare da dariya, da dare tana iya ƙarewa da makoki a gidaje biyu, ɗaya ya rasa mai gida, ɗaya mai gidansa ya tafi kurkuku.

Don haka ƙa'idar ba ta da wuya, kuma tun kafin a bar gida ake yanke ta. Wanda ya san zai sha, ya bar bindiga a gida, a kulle, inda yara ba su kaiwa. Wanda ya ga tafiyar ba ta yiwuwa sai da bindiga, ya haƙura da kwalba da ƙwaya har ya komo. Idan ayari ne, a fitar da mai gadi wanda bai taɓa komai ba, makami ya kwana a hannunsa shi kaɗai. In har wani mai bindiga ya nace sai ya sha, to kafin kurɓin farko, da sauran haske, ya zare gidan harsashi, ya ja ya fitar da wanda ya hau, ya duba da ido, bakin bindiga na kallon inda babu kowa. Bindiga ta shiga akwati mai kwaɗo, harsashi ya shiga wata jaka daban, makulli ya koma wurin madugu, kuma kada a mayar masa sai rana ta yi sama. Ba a sa ta ƙarƙashin matashi, ba a miƙa ta hannu zuwa hannu don kallo, ba a harbi sama don murna, domin harsashin da ya tashi sai ya sauko.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka yi ta zuwa Gwanja neman goro suna da madugu, kuma maganarsa ita ce doka a kan inda za a sauka da wanda zai yi gadi. Mafarauta na da sarkinsu, mai hana wanda bai natsu ba shiga daji. Abin da ya rage shi ne shugabannin 'yan kasuwa da dillalan dabbobi da direbobi na Ƙonni da Malbaza da Illela su ɗauki wannan nauyi, su faɗa a bainar jama'a, ta yadda karɓe bindiga daga hannun mai sha zai zama al'ada, ya daina zama cin fuska.

Hukuma ma da nata. Tun 1963 doka ta ɗora riƙe bindiga a Nijar a kan izinin ofishin ministan cikin gida, a 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, a Satumban 2000 kuma aka ƙone bindigogi a Agadas don shaida zaman lafiya. Wanda ke yawo da makami ba takarda, mai laifi ne ko bai sha komai ba. Amma takarda sunan mutum da lambar bindiga kawai take tabbatarwa, ba ta bin sa zango. Ko a Amurka, inda riƙe bindiga ya yi sauƙi ƙwarai, jihohi da yawa sun haramta ɗaukar ta cikin maye. Ya dace a rubuta wannan sharaɗi ƙarara a jikin takardar izini, a koya wa mai nema yadda ake sauke harsashi da ajiya kafin a sa masa hannu, wanda aka kama da bindiga cikin maye kuma a karɓe izininsa, ko attajiri ne ko babban ma'aikaci. Masu kaki da ke aikin rangadi su ya kamata su fara ba da misali, tunda bindigar da ke hannunsu amanar jama'a ce.

A ƙarshe, maganin da ya fi duka shi ne hanyoyin yankin su samu tsaron da zai sa ɗan kasuwa ya daina jin bukatar makami. Kafin a kai can, duk mai shirin kwana a daji ya zaɓi ɗaya tun daga ƙofar gidansa, ko bindiga ko kwalba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.