Ku Tambayi Abin Da Ya Kashe Gwaggo

Mutanenmu na Gallabat sun san asalinsu. Dattijo zai faɗa muku kakansa daga Kano ya taso ko daga Sakkwato, da yadda hanyar Makka ta ajiye shi a nan bakin iyakar Habasha. Amma ku tambaye shi wane ciwo ne ya kashe 'yar'uwarsa tana da shekara 38, sai ya ce, "Kwana ne ya ƙare." Gaskiya ne, kwana ya ƙare. Duk da haka muna ganin kuskure ne a bar maganar nan, domin a wasu gidaje sunan ciwon nan shi ne zai tsirar da waɗanda suka rage.

Ciwon daji, wanda ake ce wa sankara, ko saratan da Larabci, yawancinsa ba a gadonsa. Cikin mutum 100 masu shi, 5 zuwa 10 ne kawai suka gado shi. Ba a kuma ɗaukarsa wajen cin abinci tare ko jinya, ba kamar kala-azar ba ne da ƙwaro ke yaɗawa. Abin da ake gado shi ne tawaya a wata ƙwayar halitta mai aikin gyara ɓarna a jiki. Sanannu su ne BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995. Mace mai wannan tawaya, haɗarin sankarar mama a tsawon rayuwarta ya kan wuce kashi 50 cikin 100, ga kuma haɗarin sankarar gidan ƙwai. Kada a ce cutar Turawa ce. Binciken da aka buga a 2007 a kan marasa lafiya na cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ya sami irin wannan tawaya a cikin 'yan Sudan.

Ku lura da wannan sosai, don a nan ake zalunci. Uba yana ba da ita daidai yadda uwa ke bayarwa. Namiji zai iya ɗauke da ita har tsufa lafiya lau, ya miƙa wa 'yarsa. Kowane ɗa ko 'ya, rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Saboda haka mai ɗora laifi a kan dangin matarsa, ya fara duba gwaggonninsa.

To, yaushe gida zai yi shakka? Idan mace ta kamu da sankarar mama kafin ta kai 50, ko ta kamu a nono biyu. Idan akwai sankarar gidan ƙwai a dangi, ko namiji ya yi sankarar mama, don maza ma suna yi. Haka in mutum biyu ko uku na ɓangare ɗaya sun yi ta. Akwai wani gadon daban, ciwon Lynch, mai kawo sankarar babban hanji da ta mahaifa da wuri. Jariri kuma in kun ga baƙin idonsa yana farin ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ku kawo shi a makon nan. Wani ciwon daji ne na ido, a kan gaje shi, yana kuma warkewa in an kama shi da wuri.

Gwajin kansa jini ne ko yawu, amma yana da tsada, kuma sau da yawa sai an aika waje. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula hanyar Khartum da Wad Madani, inda manyan cibiyoyin suke. Shawararmu, kada ku sayar da riɗin shekara don a gwada mai lafiya. In za a yi, a fara da wanda ciwon ya riga ya kama, don shi ne zai nuna ko akwai abin nema a jinin gidan. Ku sani kuma, wanda aka ce bai gada ba yana iya kamuwa kamar kowa, wanda ya gada kuwa ba lallai ya kamu ba.

Mun san dalilin ɓoyewa. Uwa tana tsoron a ce gidansu gidan cuta ne, 'ya'yanta su rasa masu aure. Tsoron nan ba na banza ba ne, mutane suna da baki. Ba mu ce a yi shela a kasuwa ba. Amma 'yar da aka ɓoye wa za ta ji ƙulli a nononta ta ɗauka maruru ne, ta yi wata shida tana shafe-shafe, sai ya fashe a kai ta Gadarif. Wadda aka gaya wa tun tana 25 za ta zo ran da ta ji shi, lokacin da aiki ɗaya zai iya cire shi.

Ku sami takarda yau. Ku rubuta 'yan'uwa na ɓangaren uwa da na uba har zuwa kakanni: wa ya yi ciwo, a wace gaɓa, yana da shekara nawa. Tsofaffin mata sun fi kowa sanin wannan, su suka yi jinya, su suka yi wanka. Takardun asibiti na mamaci kada a ƙone su. Ku zo da su duka mu duba tare da ku, a ɗaki, ba a gaban jama'a ba.