Duniyar Kimiyya: Itacen Da Ya Rikita Masana

A ƙasashen sanyi akwai wani itace mai son bakin rafi wanda ake kira wilo. Daga ɓawonsa ne aka fara tsamo sinadarin salisin a 1828, watau kakan ƙwayar asfirin da muke sha, kuma da katakonsa ake sassaƙa sandar wasan kurket a Ingila. Jinsunansa sun kai wajen 400.

To, wahalarsa ita ce barbara. Namiji dabam yake, mace dabam, ƙudan zuma kuwa ba ruwansa da dangi, duk furen da ya samu sai ya kai masa gari. Ta haka ake samun ruwa-biyu, ganyen uba, reshen uwa, har gwani ya duba ya rasa sunan da zai kira shi. Wanda Linnaeus ya raɗa wa suna Salix fragilis a 1753, sai a 2009 Irina Belyaeva ta bayyana cewa abu biyu aka daɗe ana haɗawa a suna guda: tsantsar jinsi na wajen Turkiyya da Jojiya, da kuma ɗan da ya haifa da farin wilo, wanda shi ne ya cika Turai.

Da aka koma ga ƙwayoyin gado, watau DNA, an zaci magana ta ƙare. Ina! Alamomin da aka amince da su a 2009 don tantance tsirrai daga koren sinadarin ganye ake ɗaukarsu, shi kuwa ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Binciken Diana Percy da abokan aikinta na 2014 ya tarar da jinsuna masu yawa, a nahiyoyi dabam-dabam, suna ɗauke da alama iri ɗaya. Mai neman uban yaro ba ya tsayawa ga dangin uwa. Saboda haka masana suka juya ga alamomin cibiyar ƙwayar halitta, inda uwa da uba kowa ya bar rabonsa.

Kada a ce aikin marasa abin yi ne. A Ostareliya wilon da aka shigo da shi ya toshe koguna, har a 1999 aka sa yawancin jinsunansa cikin miyagun ciyayi na ƙasa, aka keɓe uku kawai. Ma'aikacin da ke tsaye a bakin rafi da gatari dole ya san wanne zai sare, domin in ya bar mace kusa da namijin da za su iya barbara, iska da ruwa za su watsa irin har inda ƙafarsa ba ta kai ba.