Kofin 1953: Laifin Wa Ne Da Muka Manta?

Jama'a, ina da ƙorafi, kuma a wannan mujalla tamu zan amayar da shi, domin masu laifin su ne masu karanta ta.

Da aka ce kowa ya kawo batun da zai rubuta kundinsa a kai, sai na ce ni tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano wadda ta ci Kofin Gwamna a 1953 nake so. Wani malami ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai da ka fito daga Sifawa, garin da Shehu ya zauna, ka rasa abin rubutawa sai tamaula?" 'Yan aji suka kwashe da dariya. Na haɗiye maganar, amma har yau ba ta wuce mini ba.

To, ga abin da aka yi wa dariya. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, zamanin Gwamna Richards. Shekara 8 a jere kofin nan bai taɓa barin Ikko ba: yau Marine, gobe Railways, jibi UAC. Ƙungiyoyi ne na ma'aikatu da kamfanoni, a ba mutum aiki a ofis ko a tashar jirgi alhali ƙafarsa ake so, don kuwa wasan sana'a sosai bai zo Nijeriya ba sai 1990. Sai a 1953 'yan Kano suka kai wasan ƙarshe, suka lallasa Lagos Dynamos da ci 2 da 1. Wannan ne karo na farko da kofin ya fita daga Ikko, kuma Arewa ya nufo.

Ku sake duban shekarar. A watan Maris nata ne Anthony Enahoro ya kawo shawarar samun mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a ce sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko. A watan Mayu aka yi tarzomar Kano, tsakanin birni da Sabon Gari, aka yi asarar rayuka fiye da 30. A cikin wannan shekara ce wasu samari suka sa riga iri ɗaya da sunan Kano. Yanzu don Allah, wannan ba tarihi ba ne? Akwai masu cewa ai ƙwallo a lokacin harkar 'yan Sabon Gari ce, ba tamu ba. Idan ma haka ne, ai sai abin ya ƙara armashi, tunda ke nan garin da ya rabu biyu a titi ya haɗu a fili.

Amma ina ƙalubalantar duk wanda ya yi dariya ran nan: ya lissafa mini sunayen 'yan wasa 3 kacal daga cikin 11 ɗin. Saboda tsabar sakacinmu, har za ka ji ana jingina kofin ga Kano Pillars, ƙungiyar da ba a kafa ba sai 1990, wadda ba ta ci wannan kofi ba sai 2019. An haifi ɗa kafin ubansa ke nan! Haka Raccah Rovers, wadda ta zama zakarar ƙasa a 1978, tana neman bin sahu.

Ku dubi Amurka. Suna da wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki a ruga. Ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta sa Jackie Robinson a fili a 1947, ta karya shingen da ya hana baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyi, ta ci kambi a 1955, ta yi ƙaura zuwa Los Angeles a 1958. Manyan malamansu ba su ji kunyar rubuta littattafai a kanta ba, don sun gane labarin wariyar launi da na kuɗi da na birane duk yana cikin labarin ƙungiyar. Mu kuwa girman kai ya hana mu.

Maganar Sifawa da aka yi mini gori da ita kuwa, ai ita ce hujjata. Shehu Usmanu ya zauna garinmu har 1815 yana karantarwa yana wallafa. A waɗannan shekaru ne Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, Abdullahi kuma ya tsara Tazyinul Waraƙati. Abin da ya faru a gaban idonsu suka rubuta, tun shaidu suna raye, ba su jira wani ya zo daga ƙetare ya yi musu ba. Wanda ya gaji waɗannan mutane bai kamata ya tsaya yana jiran sai abu ya shekara 200 kafin ya yarda ya isa rubutu ba.

Ni ban raina abin gida ba. Na tashi ina kallon kokawa da dambe da kaka a ƙauyukan Boɗinga da Shagari. Amma ku tambayi kanku, me ya sa har gobe yaro ya san Shago? Don ya sami Ɗan'anace ne. 'Yan wasan 1953 ba su sami makaɗi ba, mu kuma masu alƙalami muka ɗauke kai.

Abin da nake nema a wurin wannan ƙungiya tamu kaɗan ne. A tura ɗalibai biyu gidan adana takardun tarihi na Kaduna su buɗe Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na 1953. A tura wasu Fagge da Sabon Gari da rakoda, su nemi 'ya'ya da jikokin 'yan wasan, wataƙila wani yana da hoto a ƙasan adaka. Wanda yake ɗan shekara 20 a wancan lokaci, in yana raye, ya haura 90 yanzu. Ni dai na fara tara kuɗin mota, kuma batun kundina ban canza shi ba.