Wa ake yi wa dariya a Yojimbo?

Akwai wata ƙyama da ta yaɗu tsakanin malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu: da zarar an ga takobin Japon a silima, sai a ce "fim ɗin karate ne", a kawar da kai. Hukuncin wanda bai kalla ba ke nan.

A ɗauki Yojimbo, wanda Akira Kurosawa ya yi a 1961. Toshiro Mifune, samurai marar ubangida, ya shiga wani gari da gungun ƴan caca biyu suka raba. Wanda ya fara tarbarsa kare ne, da hannun mutum a baki. Ya zuga ɓangarorin biyu, ya haye hasumiyar tsaro, ya zauna kallo. Sai ga zaratan nan, takubba a zare, waɗannan su matso, waɗancan su ja da baya, gwiwoyi na rawa. Mai kallo na ƙyalƙyala dariya, amma wa ake yi wa ita? Masu kurin da gari duka ke tsoro. Wane littafin tarbiyya ya taɓa tona asirin azzalumi haka?

Abin haushi, masu rena shi su ne masu yabon Pour une poignée de dollars na Sergio Leone (1964), alhali labarin Yojimbo ne aka ɗauke ba izini, har kamfanin Toho ya kai ƙara.

Mu kuwa da Moustapha Alassane ya nuna wa samarin ƙauye cikin kayan kaboyi tun 1966, a Le Retour d'un aventurier, da wane baki za mu ce barkwanci na zubar da darajar fim? A nuna wa ɗalibai Yojimbo, a bi shi da Sanjuro (1962).