Lambun bayan gida: a shuka fuwaro, amma ban da maganin auduga

Damina ta tafi, iskar hunturu ta fara kaɗawa a Garwa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ne kawai muke samun ɗan sanyin da kayan lambu ke so, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40. Duk mai ɗan fili a bayan ɗaki, ko da taku biyar ne, yanzu ne lokacinsa.

Bana muna ba masu lambun gida shawarar su gwada fuwaro, wanda ake kira poireau da Faransanci. Ɗan'uwan albasa ne da tafarnuwa, sai dai shi ba ya yin kai, doguwar farar gora yake yi da faffaɗan ganye. Matan gida sun san shi sarai: da shi ake markaɗa kayan ƙamshin da ake shafa wa giwan ruwan Binuwai da na Lagdo kafin a ɗora a wuta. Ya fi son ƙasa mai sanyi irin ta Adamawa da Yammacin Kamaru, shi ya sa wanda ya sha hanya kafin ya iso kasuwarmu yake zuwa a yamushe, ga tsada. Alhali ƙasar da ke fitar da albasar Gudami har Yawunde da Duwala ba za ta gaza ɗan'uwanta ba, in dai an shuka shi a kan kari.

Aikin ba wuya. A yafa iri a ɗan fage, a jira mako 6 zuwa 8 har dashen ya kusa kaurin fensir. Sai a huda rami mai zurfin kamar santimita 15, a saka dashe ɗaya, a ba shi ruwa. Tsakanin dashe da dashe santimita 15, tsakanin layi da layi 30. Yana girma ana tara masa ƙasa a gindi, don abin da ƙasa ta rufe shi ne ke yin fari da laushi. Taki ya zama ruɓaɓɓe, ruwa kuma kada ya yanke. Cikin wata huɗu zuwa biyar da shuka an fara cira. Wanda ya yi jinkiri har Janairu, to zafi zai riga shi.

To amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne abin da ke biyo baya. Babban abokin gabar fuwaro da albasa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da malaman gona ke kira tirips, tsawonsa da ƙyar ya wuce milimita ɗaya. Yana laɓewa can cikin matsatsin ganye yana tsotsa, sai ka ga ganyen ya yi zane-zanen fari kamar an goga masa toka, bakinsa ya bushe. Rani ne lokacinsa, kuma in zafi ya kama, cikin mako biyu zuwa uku ƙwai ya zama babba mai sake yin ƙwai. Akwai kuma tsutsar da ke kwana a ƙasa, ta fito da dare ta yanke dashe daga gindi.

Da mutum ya ga haka, me yake yi? Sai ya nufi kasuwa, ko ya leƙa gidan maƙwabci mai gonar auduga, a tsiyaya masa “ɗan magani” a tsohuwar robar ruwa. Babu suna, babu takarda, babu awo. Nan ƙasar auduga ce, a Garwa hedkwatar SODECOTON take, don haka maganin ƙwarin auduga ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Amma jama'a, an yi shi ne don auduga. Auduga ba a miya da ita. Fuwaro kuwa ganyensa da gorarsa duka cikin tukunya suke ƙarewa, kuma yadda ganyen ke naɗe da juna, abin da ya shiga ciki ba ɗauraya ɗaya ke fitar da shi ba.

Ga shi kuma lambun gida ba gona ba ce can bayan gari. Nan yara ke wasa, nan kaji ke kiwo, nan rijiya take. Mai feshi ya tashi da ciwon kai, jiri, amai da zufa, a ce ai zazzaɓi ne. Robar da aka zuba maganin kuma, gobe yaro ya ɗauka ya sha ruwa da ita. Araha ba ta ado.

Akwai hanyar da ta fi, kuma a bakin titinmu take. Garwa da Marwa cike suke da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. A tsince 'ya'yanta, a busar, a ɓare, a daka rabin kilo na ƙwayar, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narkar da ɗan sabulu a ciki, don ganyen fuwaro santsi gare shi, ruwa zalla zamewa yake. A fesa da yamma, saboda rana na kashe ƙarfinsa, a kuma nufi cikin matsatsin ganyen. A maimaita duk mako. Gaskiya ɗaya ce, ba ya kayar da ƙwaro nan take: hana shi ci yake yi, ya hana shi girma. Shi ya sa ake farawa da wuri.

Sauran dabaru hannu ne da ido. Ban ruwa ta sama da sassafe yana wanke tirips. A cire ciyawa, a tsinke ganyen da ya lalace a fitar da shi daga lambun. Tsutsar dare kuwa, tona gindin dashen da aka yanke, za ka same ta a naɗe. Kada a maimaita fuwaro, albasa ko tafarnuwa a fage ɗaya sai bayan shekara uku. Darni kuma dole ne, don akuya ɗaya ta fi tirips dubu ɓarna.

In abin ya gagara har sai an sayi magani, a saye shi cikin kwalbarsa ta asali, wanda aka rubuta cewa na kayan lambu ne. A duba kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da girbi, a cika su cif. Wanda bai iya Faransanci ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa, ba abin kunya ba ne.

Hukuma ma da nata. Tun 2003 Kamaru ke da dokar kare lafiyar tsirrai, wadda ta tanadi cewa sai maganin da aka tantance za a sayar. Muna kira ga jami'an Ma'aikatar Gona su riƙa zagaya kasuwanni, musamman ranar kasuwar Pitowa, su duba abin da ake tsiyayarwa a robobi. Masu binciken IRAD da ke nan Garwa kuma su kawo iliminsu gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci, inda matan da ke riƙe da waɗannan lambuna za su ji.

Mai sayar da magani, ka ji tsoron Allah: in an ce maka na ganyen miya ake nema, kada ka miƙa na auduga. Kai kuma maigida, kafin ka sa a fesa komai a tsakar gidanka, tambayi sunansa ka ga kwalbarsa. Allah ya ba mu rani mai albarka.