Dala a kasuwa, tamma a lakwal: ina ɗan Arlit zai sa kansa?

A wannan mako filin namu ya nufi arewa, garuruwan uraniyom na jihar Agadas, domin mu tattauna wata magana da ake gani ƙarama, alhali kuwa ita ce tushen kowane lissafi: yadda ake koya wa ƙananan yara ƙidayar kuɗi da kuma gwada kashi da kashi.

Duk wanda ya san kasuwar Arlit ko ta Akokan ya san yawan yaran da ke ciniki a cikinsu. A ba yarinya mai tallar gyaɗa 500 F, a sayi ta 175 F, kafin mai saye ya gyara rawaninsa ta miƙo masa canji daidai. A bakinta lissafin yana tafiya haka: dala ɗari, an ci talatin da biyar, saura sittin da biyar. Amma in gari ya waye mushe ya rubuta 500 – 175 a babban allo, sai ka tarar wannan yarinya ta yi tsuru, har a ƙarshen shekara a rubuta mata cewa ba ta da kan lissafi. Ina kan nata ya tafi tsakanin maraice da safe?

Amsar ita ce ƙasarmu tana da ƙidayar kuɗi iri biyu. Bankin BCEAO yana buga lambobinsa da tamma, lakwal ma da tamma take karantarwa, ita kuwa kasuwa dala ta sani, watau tamma biyar. Ƙarfen da aka rubuta wa 25 sunansa dala biyar, mai 100 dala ashirin, mai 250 dala hamsin, takardar 1000 kuwa jika ce, dala ɗari biyu. Zabarmawa ma da dala suke ƙidaya, haka Bambarawan Mali da Wolof na Senegal kowa na da sunansa na tamma biyar. Ke nan yaron da aka nuna wa ƙarfe mai lamba 100 ya ce ashirin bai yi kuskure ba, ya amsa ne da harshen da uwarsa ke aikensa da shi. In an ba shi sifiri a kan haka, darasin da zai ɗauka shi ne cewa abin da ya sani a gida ba ilimi ba ne, kuma daga ranar zai fara tsoron lissafi.

Magani yana hannun malami, ba ya kuma bukatar taimakon ƙasashen waje. A yanka kwali a yi kuɗin wasa, gefe ɗaya a rubuta tamma, ɗaya gefen dala. A buɗe ɗan kanti a kusurwar aji, wani yaro ya sayar, wani ya saya, na uku ya rubuta cinikin a allo da ƙidayar duka biyu. Ba za a yi mako biyu ba yaran da kansu za su gano cewa daga dala zuwa tamma ninkawa ce sau biyar, daga tamma zuwa dala kuma rabawa ce gida biyar. Jadawalin biyar da ake sa su rerawa kamar waƙa, ashe tun tuni yana cikin aljihunsu.

Sai mu zo ga lissafin kashi-kashi, wanda littattafan faransanci ke kira fraction, inda nan ne yara da yawa ke tuntuɓe a ajin CM. Tarkon sananne ne ga kowane malami. Yaro ya shekara uku ana faɗa masa takwas ta fi huɗu, to don me zai yarda cewa 1/8 bai kai 1/4 ba? Idonsa na kan lambar ƙasa, ya ga babba, sai ya ce ita ce mai yawa. Dokar da za a sa shi ya hardace ba za ta fid da shi ba. Abin da zai fid da shi shi ne a ɗauki burodi biyu masu tsawo ɗaya, a raba guda ga yara huɗu, guda ga yara takwas, a ce masa ya zaɓi ƙungiyar da zai shiga. Babu yaron da zai ɓata a nan, domin ciki ya san cewa in masu rabo sun yawaita rabo yana ƙanƙancewa. A kuma nuna masa tun da wuri cewa ba a gwada kashi sai abin da aka raba ɗaya ne, don rabin tiya ba ya kusa da rubu'in buhu.

Harshenmu kuwa bai rasa sunayen waɗannan abubuwa ba. Muna da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri. Malaman zaure sun daɗe suna aiki da su wajen rabon gado, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i: matar mamaci tana da rubu'i in bai bar ɗa ba, sumuni in ya bari. Manomi ma ya san ushuri yake fitarwa a amfanin damina, rabin ushuri a garkar da ya sha wahalar ban ruwanta. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san sumuni bai kai rubu'i ba, jikanta na CM2 kuwa yana shakka.

Ga wata dabara da ke haɗa darussan biyu wuri ɗaya. A ɗauki 600 F, watau dala 120, lambar da ke rabuwa ta hanyoyi da yawa ba tare da saura ba. A tara tsakuwa 120, abin da Arlit ba ta taɓa rasawa ba, kowace ta zama dala. Rabinsu 60 ne, sulusi 40, rubu'i 30, humusi 24, sudusi 20, sumuni 15, ushuri 12. In an jera tsibin a ƙasa, yaro zai ga suna raguwa yayin da lambar ƙasa ke ƙaruwa. Daga nan a tambaye shi: tsakanin 2/3 da 3/4 wane ya fi? Ya ƙirga, ya sami dala 80 da dala 90, watau 400 F da 450 F. Sai bayan ya ga haka da idonsa sau da yawa za a kawo masa dokar daidaita lambobin ƙasa, ya karɓe ta a matsayin gajeriyar hanya zuwa inda ya riga ya sani.

Me ya sa muka ɗora maganar a kan Arlit? Saboda gari ne da kashi-kashi ya daɗe yana yanke wa hukunci. Kampanin SOMAIR, da aka kafa a 1968 ya fara fid da uraniyom a 1971, kashi 63,4 cikin ɗari na hannun jarinsa na Orano ne ta Faransa, 36,6 na SOPAMIN ta Nijar, kafin gwamnati ta sanar da mayar da shi mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025. Yaron da ya yi wasan tsakuwa zai iya gaya maka cewa rabon Nijar ya ɗara sulusi, amma bai kai sumuni uku ba. A COMINAK ta Akokan, wadda ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021, shekaru da dama Japanawa na da rubu'i, Sifaniyawa ushuri. Dattawan garin kuma ba su manta watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, tammar Faransa guda ta tashi daga dala goma zuwa dala ashirin. Tun da aka rufe COMINAK ɗaruruwan magidanta suka rasa albashi, gidaje da yawa kuma suka koma dogara ga ƙaramin ciniki. Jama'ar da ba ta iya gwada rabo da rabo ba, wani ne zai riƙa gaya mata ko an ƙware ta.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kundin 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Saura masu tsara littattafai a INDRAP su sa dala da sulusi a shafin lissafi, su kuma tuna da yaran Arlit masu jin Tamajaq, waɗanda su ma suna da hakkin a fara da su daga abin da suka sani.

Ku kuma iyaye, kada ku jira Yamai. In kun aiki yaro kasuwa, ku sa ya faɗi canjin da dala, sa'an nan ya rubuta shi da tamma. In an zo rabon nama ko lemun Timiya, ku ba shi wuƙar lissafin, ya faɗi kashin kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.