Lamunin gwamnati ba ganima ba ne

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma saƙon ɗan kasuwa da takardar ma'aikaci galibi ta hannun direbobin tasha da samari masu babur suke isa. Idan gwamnati za ta tsaya wa masu wannan sana'a su samu lamuni a banki, muna goyon baya. Amma ba mu manta da bankin BDRN ba, wanda ya durƙushe a 1990 saboda bashin da manya suka ci suka ƙi biya. Don haka a buga sunayen masu karɓa, a duba littafin cinikinsu, ba katin jam'iyyarsu ba. Kuɗin talakawa ne. Wanda ya ci, ya biya.